Rigar Sarkin Wasa da 'yar fatar bana: a bari ko a ci gaba?

Ma'ajin Riga:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya sanyi? Na daɗe ban yi dogon rubutu a nan ba, amma abin da aka yanke a taron kwamiti ranar Lahadi ya hana ni barci, na ga gara in kawo shi gaban kowa. Wasan nan ba na mutum goma sha biyun da suka zauna a taron ba ne su kaɗai.

Abu biyu aka yanke. Daga bana ba za a ƙara yin 'yar fata ba, za a buga riguna masu rubutu a raba wa 'yan wasa, a sayo kofi a ba rundunar da ta ci. Sannan rigar Sarkin Wasa za a janye ta daga fage a sa ta cikin akwatin gilashi, a ɗinka sabuwa ta shadda.

Saboda amaren da aka kawo unguwa kwanan nan da yaranmu da aka haifa a Yawunde da Duwala, bari in ɗan yi bayani. Kowace shekara a nan Garwa ta Kamaru, bayan an gama girbin dawa, ruwan Binuwai ya ja baya yashi ya fito, muna raba samari runduna huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa. Kowace runduna da sarkinta, da galadima, da sarkin yaƙi, da zagi, da maroƙi. Kwana uku kowa yana cikin matsayinsa. Ko ƙaninka ne sarki, in ka zo gabansa sai ka cire takalmi ka ce ranka ya daɗe. Takubban na kara ne, ana tsoma bakinsu a jiƙaƙƙiyar toka, wanda aka shafa wa toka a ƙirji ya faɗi ke nan, sai ya koma inuwa har a fanso shi. Rundunar da ta ƙwaci tambari ta riƙe shi har faɗuwar rana ta uku, sarkinta ne Sarkin Wasa na shekara. Shi ake sa wa rigar. Kafin ya mayar da ita wata shekara, gidansu za su ɗinka mata maho guda na ƙyallen da suka ga dama.

'Yar fata kuwa ɗan kewayayyen yanki ne na jar fatar akuya, bai fi ƙwandalar ɗari girma ba, an buga shekara a jikinsa. Ba a raba ta a jaka kamar alewa. Daren ƙarshe ake kiran mutum da sunansa, maroƙi ya yi masa kirari, baduku ya yi mata tsaga a gefe gwargwadon abin da ya yi a fage, sannan sarki mai barin gado ya danƙa masa a hannu.

Shekara goma sha tara rigar nan tana ɗakina. Na san warinta, na san inda ta yage a hammata. Ni a ganina ranar da aka rufe ta a gilashi ta daina zama rigar wasa. Amma ban zo in yi umurni ba, ina son in ji ta bakinku.

Direban Ngawundare:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni yanzu nake jin wannan labari. Wa ya ce a daina 'yar fata? Tawa goma sha ɗaya suna rataye a madubin motata.

Sakataren Matasa:
Kawu Ma'aji, Allah ya ƙara girma. Ni na kawo shawarar, ba zan ɓuya ba, kuma ina roƙon a saurare ni kafin a yanke mini hukunci.

Lokacinku 'yan wasa nawa ne? Ku da kanku kun ce ba ku kai hamsin ba. Bara mun haura ɗari biyu, har da yaran unguwar Yelwa da na Rumde Ajiya da suka roƙa aka sa su. Baba Baduku shi kaɗai yake yanka fatun nan yana buga su, kuma kowa ya ga yadda idonsa ya koma. Bara sai da muka kai ƙarfe ɗaya na dare ana kiran suna, iyaye suna ta bugo waya suna neman 'ya'yansu. Yara fiye da ashirin sun tafi gida hannu wofi saboda fatar ta ƙare, ni na bi su gida-gida ina ba da haƙuri. Ɗaya daga cikinsu bai fi shekara tara ba, ya tambaye ni ko don ya faɗi tun ranar farko ne aka hana shi. Wannan tambayar ce ta sa na fara neman wata hanya.

Riga mai rubutu kuwa kowa zai samu daidai, a ɗauki hoto, a ga unguwarmu a Facebook. Mai shagon da zai taimaka da kuɗi ma sunansa yake so a gani a bayan riga, ba zai ga komai a 'yar fata ba.

Batun rigar Sarki, Kawu, ku ne shaida. Da aka sa wa sarkin bara, da ya ɗaga hannu zai yi jinjina, kowa ya ji ƙarar yagewarta. Idan muka ci gaba da sa ta a yashi da gumi da ƙura, nan da shekara uku sai dai a tattara tsumma. Don muna ƙaunarta muka ce a adana ta.

Tsohon Sarkin Yaƙi:
Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sakataren Matasa:
Gaskiya ne Baba. To ku faɗa mana abin da kuka hango, mu ma mu gani. Wallahi ba gardama nake ba.

Tsohon Sarkin Yaƙi:
To ɗana, ka yi magana da ladabi, zan faɗa maka.

Shekaru huɗu da suka wuce abokina ya rasu, wanda muka yi zagi tare muna yara. Bayan sadakar bakwai matarsa ta aiko mini da wani tsohon gwangwanin madara, ta ce ya bar wasiyya a ba ni. Na buɗe, sai ga 'yan fatunsa a zare ɗaya, ya jera su bi da bi. Na zauna a ƙofar gida ina jan su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Ta farko tsaga ɗaya, ya faɗi ranar farko, yaro ne. Ta uku tsaga biyu. Ta shida an huda tsakiyarta, shekarar da ya riƙe tutar Kudu ke nan, ni na sare shi a bakin ruwa, ya yi wata guda ba ya yi mini magana. Sai na iske wuri guda ya ƙulla zaren babu fata, shekarar da ya tafi Legas neman kuɗi. Bayan ƙullin fata ta dawo. Ta ƙarshe ba tsaga ko ɗaya, lokacin ya tsufa ya koma alƙalin fage.

Ba wanda ya rubuta tarihin mutumin nan, ba shi da hoto sai na katin ɗan ƙasa. Amma a zaren nan na karanta shekarunsa talatin. Riga mai rubutu ɗari biyu iri ɗaya za a buga, ta jarumi da ta wanda ya gudu duk ɗaya. Me ɗanka zai karanta a jikinta?

Auta:
Allah ya jiƙansa Baba. Wallahi ban san tsagar nan tana da ma'ana haka ba, na ɗauka ado ne.

Direban Ngawundare:
Kuma a tuna da rigunan CAN, gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka. A Janairun 2022 da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin Rumde Ajiya, wa bai sayi koriyar riga ba a garin nan? Kwana goma sha biyu bayan nan Tunisiya ta fitar da su a wannan filin dai. Yau a nuna mini mutum biyar da tasu take nan. Tawa rubutun ya ɓare tun wanki na huɗu, yanzu da ita yaron mota yake goge gilashi.

Magajiyar Yamma:
Sallama gare ku. Na karanta duka, kuma zan faɗi abin da ya daɗe yana cina, tunda yau an buɗe maganar.

Kuna ta cewa 'yar fata, 'yar fata. Mace nawa ce take da ita a unguwar nan? Ko ɗaya. Kunun da ake kai wa fage kwana uku wa yake damawa? Tutocin runduna wa yake rinawa? Mahon da ke jikin rigar da Yaya Ma'aji yake kuka a kanta, hannun wa ya ɗinka? Akwai guda uku na mahaifiyata a ciki. Ɗaya daga gefen zanen aurenta ta yanko shi, shekarar da wana ya ci, saboda babu kuɗin sayen sabon ƙyalle. Ta rasu ba a taɓa kiran sunanta a daren rabo ba.

Don haka ni da na ji batun riga mai rubutu ban yi baƙin ciki ba, na ce ko ba komai wannan karon za a ba mu. Mu mata mun san darajar abin tunawa na tufafi. Zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da ake fitarwa kowace shekara a ƙasar nan, akwai matan da suke da na shekaru da yawa a akwati, kowanne an san shekararsa da abin da ya faru a cikinta. Kada a raina tufa.

Amma rigar Sarki kada a sa ta a gilashi. A nan ina tare da Yaya. Inna ba don a kalla ta ɗinka mahonta ba, don a sa ta ɗinka.

Ma'ajin Riga:
Magajiya, maganarki ta dake ni, kuma gaskiya kika faɗa. Shekara goma sha tara ina shimfiɗa rigar nan a rana ina kallon ɗinkin mata, ban taɓa kawo wannan a taro ba. Laifinmu ne mu manya. Na san mahon da kike nufi, shuɗi ne mai ɗigon fari, yana kafaɗar hagu ta baya. Ɗinkinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, har yau ko zare ɗaya bai saki ba.

Malamin Allo:
Ni tambaya gare ni, ba suka ba. Na sha ganin 'yar fatar nan a wuyan jarirai, na ga wanda ya ɗaura ta a damtse zai shiga jarrabawa. Abin da aka fara don tunawa yana neman ya koma laya. Idan za a ci gaba da ita, ya kamata a yi wa mutane bayani.

Jikan Baduku:
Allah gafarta Malam, ni jikan mai yin ta ne, tun ina shekara bakwai nake riƙe masa fata. Ba komai a cikinta. Laya ninke ta ake yi a ɗinke da rubutu a ciki, wannan kuwa falle ɗaya ce, ka juya gaba ka juya baya, shekara ce kawai da tsaga. Amma abin da kuka gani na jarirai gaskiya ne, Baba ma ya sha faɗa a kai.

Tunda ana maganar wahalarta, bari in faɗi yadda aikin yake don a san inda nauyin yake. Fatar akuya ake so, ta fi ta tunkiya ƙarfi, ba ta saɓulewa. Majemi zai jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, sannan ta kwanta a ruwan bagaruwa har ta jemu. A shafe ta da man gyaɗa a yi ta murza har ta yi laushi. Jan launin nan da kuke gani ba fenti ba ne, karan dafi ne ake dakawa a jiƙa da ruwan kanwa. Shi ya sa ta shekara talatin ba ta koɗewa, sai dai ta ƙara duhu. Irin wannan jar fatar ce fatake suka riƙa ɗauka daga ƙasar Sakkwato su keta Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko.

Da a nan Garwa Baba yake samun fatar, yanzu sai mun aika Marwa, can majema suke da yawa har yanzu. Wannan ba shi ne matsala ba, mota tana zuwa kullum. Matsalar yanka ce. Baba da aska yake kewaye kowace ɗaya, shi ya sa yake kwana goma a kai. Na ce masa a je wurin maƙeri a ƙera mana ƙarfe mai bakin zobe, a ɗora a buga da guduma, bugu ɗaya fata ɗaya. Ya ce a'a, ba haka ya gada ba. In manya za su sa baki ya yarda, ni da ƙannena biyu za mu fitar da ɗari uku a yini biyu. Shi a bar masa tsagar daren rabo, wannan ko ido rufe yana yin ta.

Sakataren Matasa:
Ɗan'uwa, me ya sa ba ka faɗi haka a taro ba?

Jikan Baduku:
Ba a gayyace mu ba Yaya. A bakin masallaci muka ji.

Ɗan Garwa a Amurka:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ina bin maganar tun ɗazu daga wurin aiki. Akwai abin da na gani da idona a nan, wataƙila ya yi amfani.

A jihar Fensilbaniya akwai wani taro da ake kira Pennsic War, tun 1972 ake yin sa, duk shekara da bazararsu, wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Mutane wajen dubu goma suke kafa tantuna mako biyu, kowa cikin shigar mutanen da, da sarakunansu da jarumansu da masarautu. Suna sa sulke da kwalkwali na ƙarfen gaske, takubban kuma na wata irin sanda ce mai kama da gora. Wani abokin aikina Bature ya ja ni, na ga manya da furfura, likitoci da direbobi, suna rusuna wa wanda aka naɗa sarki. Sai na ji kamar ina yashin Binuwai.

Abin da ya sa na kawo zancen, kowa ya yi rajista ana ba shi ɗan ƙarfe mai lamba ya rataya a wuya, shi ne shaidar shigarsa, kuma kowace shekara da irin zanenta. Abokin nan nawa yana da su a igiya ɗaya, da ya ɗauko sai ƙara suke. Ya nuna mini inda 2020 da 2021 babu, saboda korona ba a yi ba. Daidai da ƙullin zaren da Baba Sarkin Yaƙi ya faɗa. Ana sayar da riguna masu rubutu a wurin, mai so ya saya, amma ba su ya ɗauko ya nuna mini ba.

Mutanen nan suna da kuɗin buga duk abin da suke so, duk da haka ɗan abin wuyan suka riƙe. Tamu ma ta fi tasu, domin tasu lamba ce kawai, tamu tana faɗin abin da mutum ya yi. In kuɗin fata ne matsala, na bana a kaina.

Auta:
Yaya, har da dawakai suke yi?

Ɗan Garwa a Amurka:
Yaƙin da na gani a ƙasa suke yi Auta. Kuma kwalliyarsu ba ta kama ƙafar barade masu lifidi na masarautar Rai Buba ba.

Tsohon Sarkin Yaƙi:
Su 1972, mu ma ba jiya muka fara ba. Ina yankan karan takubba a bayan gari da yamma aka ce shugaban ƙasa Ahijo ya yi jawabi a rediyo ya sauka daga mulki, Nuwamban 1982 ke nan, kuma wannan shi ne wasa na uku da na yi. Waɗanda suka kawo shi 'ya'yan fataken Damagaram ne da suka zauna a unguwar nan, can suna da wasan kara, samari suna kwaikwayon sarki da manyan gwamnati da kayan kara. Namu ya haɗu da abin da muka gani a fadar Lamiɗo, shi ya sa muke da kaigama a runduna, wanda asalinsa sarautar Barno ce.

Direban Ngawundare:
Baba, ni kuma mahaifina cewa ya yi daga kalankuwa aka ɗauko, irin wadda ake yi a ƙauyukan Kano da Katsina bayan kaka, inda samari suke naɗa sarki da alƙali da gwamna. Kuma ya ce bayan an gama dam ɗin Lagdo da ke kan Binuwai aka fara. Kawu Ma'aji ya ƙirga mahon rigar mana, a huta.

Ma'ajin Riga:
Ƙirga maho ba zai raba wannan gardama ba, domin rigar ba tare da wasan ta fara ba. Shekarun farko rawani kawai ake naɗa wa sarki. Rigar ta wani dattijo ce mai sayar da goro, saƙi ce ta hannu, rinin baba, da aska biyu a ƙirji. Ya ba da aronta shekara ɗaya, aka yaga ta a kokawar tambari, uwar sarkin shekarar ta ji kunya ta yi mata maho kafin a mayar. Da dattijon ya gani sai ya ce a riƙe ta, duk wanda ya ci ya ƙara nasa. Kun ga ke nan da yagewa al'adar ta fara.

Na ɗauko ta yanzu tana kan cinyata. Akwai maho biyu da nake so Sakatare ya zo ya taɓa da hannunsa. Na 1994 bai fi yatsa biyu faɗi ba. A Janairun shekarar aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan kanti suka yi tsalle, ba mai yanka ƙyallen kirki. 'Yar fatar shekarar ma rabi ce, kamar tsagin goro, fata ɗaya aka raba wa mutum biyu. Duk mai ita ya san wanda yake riƙe da ɗaya rabin.

Na biyun na 2012 ne, shekarar ambaliya, da ruwa ya ci gidaje a bakin Binuwai aka kwashe mutane zuwa makarantu. An ce kada a yi wasa. Yaran da ke kwana a azuzuwa suka ce za su yi, aka yi na yini ɗaya a filin makaranta. Wanda ya ci gidansu ya rushe, ba su da ko tsumma. Uwarsa ta yanko gefen buhun shinkafar agaji ta ɗinka. Yana nan a ƙasan aljihu, fari, yana ƙaiƙayi in ka shafa, har da rabin harafi a jiki. Yaron yanzu magidanci ne, yana cikin zauren nan yana karantawa, in ya ga dama ya yi magana.

In aka rufe ta a gilashi, na bana ina za a ɗinka shi? A jikin shadda?

Sarkin Shekarar Ruwa:
Ina ji Kawu. Ba zan iya dogon rubutu ba. Ɗana na fari bana zai shiga rundunar Arewa. Ina so in ya girma ya ci, ya sa rigar da buhun kakarsa yake jiki. Shi ke nan.

Maiɗinkin Kasuwa:
Ku ba ni dama in yi maganar sana'a. Sakatare bai yi ƙarya ba, tsohuwar saƙi in ta ruɓe ba ta riƙe zare, kana ɗinke nan can yana buɗewa. Kuma nauyin mahon kansa yana jan ta ƙasa. Amma gilashi ma ba magani ba ne a garin nan. Zafin Maris da Afrilu na Garwa in ya haɗu da akwati rufaffe, ga damina ta kawo laima, sai ka buɗe ka iske fumfuna da asu sun gama da ita. Tufa tana son iska da hannu.

Abin da ake yi wa irin wannan shi ne shafi. A samo farin ƙyallen auduga mai kauri, a wanke shi sau biyu ya gama shan ruwansa, a yanka shi daidai jikin rigar, a shimfiɗa ta a kai a bi da ƙananan ɗinki na hannu, layi-layi, kamar yadda ake ɗinka lifidi. Nauyi ya koma kan shafin, tsohuwar saƙar ta huta. Keke ba zai taɓa ta ba, allurarsa za ta tsaga zaren. Aikin mako uku ne in mutum biyu ne. Auduga kuwa a garin kamfanin auduga na SODECOTON ba za a ce an rasa ba.

Sai dai sharaɗi ɗaya. A daina kokawa da ita. A sa wa sarki bayan an gama yaƙi, ya yi zagayen unguwa, ya zauna a yi rabo, a cire. Ba zan iya cewa komai tabbatacce ba sai na gan ta a hannuna.

Tsohon Sarkin Yaƙi:
A'a. Sarki da rigarsa yake kare tambari ranar farko, haka aka saba. Sarkin da ya tuɓe riga ya shiga fage wane ne zai san shi?

Magajiyar Yamma:
Baba, a yi haƙuri, rawani ba ya isa a san shi? Yaya Ma'aji yanzu ya ce da rawani aka fara.

Tsohon Sarkin Yaƙi:
'Yata, wannan sai mun zauna. Ba maganar waya ba ce.

Sakataren Matasa:
Na karanta komai sau biyu. Batun 'yar fata na janye, in Baba Baduku ya yarda da ƙarfen maƙeri, kuma in za a fara rabo da la'asar a fara da ƙananan yara, kada a sake kai wa ƙarfe ɗaya. Rashin gayyatar gidan Baduku kuskurena ne, zan je da kaina gobe in ba da haƙuri. Riguna masu rubutu zan bar su ga mai so ya saya, domin na riga na yi magana da mai shagon, ba zan so in zama ƙaramin mutum a wurinsa ba. Kofin kuma ban ga laifinsa ba har yanzu, runduna tana son abin da za ta ɗaga.

Maganar Goggo Magajiya ita ce ban san yadda za a yi ba. Wace tsaga za a yi wa wadda ba ta shiga fage ba?

Jikan Baduku:
Na karanta wa Baba saƙon Goggo. Ya yi shiru, sannan ya ce ba tsaga za a yi ba. Wadda ta ɗinka maho a ratsa tata da zare kalar mahon, mai kunu da mai rini a yi musu baƙin layi a gefe. Ya ce matan da suka rasu ma a yi musu, a ba 'ya'yansu. Batun ƙarfen kuma ya ce a kawo ya taɓa bakinsa tukuna.

Magajiyar Yamma:
A gaya wa Baba na gode, Allah ya ƙara masa lafiya. Zan zagaya gidaje in tattaro sunayen waɗanda suka yi ɗinki. Akwai maho da yawa da ni ma ban san masu su ba.

Malamin Allo:
In an zo daren rabo a ba ni minti biyu kafin a fara, in yi wa iyaye bayanin nan na jarirai.

Ma'ajin Riga:
An ba ku Malam. Maiɗinki, ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin akwai haske a tsakar gida, zan shimfiɗa ta a tabarma. Magajiya ki zo da takarda da duk tsohuwar da za ta iya tafiya, mu bi mahon ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani kore a wuyan rigar ta ciki, shekara goma sha tara ina tambaya ban sami wanda ya san mai shi ba. Baba Sarkin Yaƙi, ku ma muna jiranku, a nan za a yi zaman da kuka ce.